Karo-karo, baitulmali ko gidauniya: da wanne za a biya masu gyaran bulokcen?

Bulokcen, wato kundin hada-hadar kuɗin intanet da kwamfutoci da yawa ke riƙewa tare, idan ba shi da mamallaki halinsa ɗaya da rijiyar unguwa: kowa na ɗiban ruwa, amma ranar da bakinta ya zube sai a rasa mai sayen siminti. Manhajar da ke tafiyar da nod, wato kwamfutar da ke riƙe da kundin tana tantance shi, walet ɗin da mutane ke ajiye kuɗi a ciki, na'urorin gwaji, binciken ƙwaƙwaf kafin a saki sabon fasali, duk mutane ne ke yin su, kuma mutanen nan suna biyan haya. Tunda manhajar a buɗe take, kowa na iya ɗauka kyauta, ba a sayar da ita balle a samu riba. Dole kuɗin ya fito daga wani wuri dabam.

Kafin a kwatanta hanyoyin, a raba aikin gida biyu, domin nan ne yawancin al'ummomi ke yin tuntuɓe. Akwai aikin jinga: abu mai farko da ƙarshe, kamar ƙara wani fasali a walet ko biyan kamfanin tsaro ya duba sabon lissafin ɓoye bayanai. Akwai kuma aikin kulawa na yau da gobe: karanta rubutun wasu kafin a haɗa shi da babbar manhaja, toshe ɓaraka, fitar da sabon juyi, amsa rahoton matsala da tsakar dare. Na farko yana da sauƙin tallatawa. Na biyu ba ya da hoton da za a nuna, alhali shi ke riƙe da ginin. Hanyar da ta dace da ɗaya sau da yawa ba ta dace da ɗayan ba.

Karo-karo na kai tsaye: tsarin Monero

Monero, wadda ake kiran kuɗinta XMR, ba ta ware wa masu gina ta ko ƙwandala daga sabon kuɗin da ake haƙowa ba. Duk ladan bulo, wato sabon kuɗin da ke fitowa da kowane sabon shafi na kundin, na masu mainin ne, masu haƙo shi da kwamfuta. Abin da take da shi shi ne tsarin karo-karo da ake kira CCS, kuma yadda yake tafiya ya cancanci a duba shi daki-daki.

Mai son yin aiki zai rubuta takarda ya shigar a ma'ajiyar GitLab ta aikin. A ciki zai faɗi ko shi wane ne ko da da sunan ɓoye, me zai yi, me ya sa ake buƙatarsa, nawa yake nema da XMR, sannan ya raba aikin zango-zango, kowane zango da kuɗinsa. Takardar za ta zauna a matakin shawara, jama'a su yi ta tsefe ta, a kuma tattauna ta a taron al'umma da ake yi ta intanet. Babu ƙuri'a mai lissafi. Idan aka ga baki ya zo kusan ɗaya, masu kula da tsarin sai su matsar da ita zuwa matakin neman kuɗi, a ba ta adireshi na musamman. Ranar da kuɗin ya cika aiki ya fara, amma kuɗin na hannun tsarin, ba na hannun ma'aikaci ba. Sai ya gama zango, ya kawo shaida, sannan a sakar masa rabon wannan zangon.

Wannan hanya ta haifar da manyan ayyuka. Da kuɗin jama'a aka biya binciken Bulletproofs, wani sabon lissafin ɓoye bayanai, kafin a kunna shi a watan Oktoba na 2018, kuma lissafin ne ya rage nauyin kowace hada-hada da kusan kashi 80 cikin ɗari. Haka aka yi da yawancin binciken RandomX, sabon tsarin mainin na Monero, a 2019. Ƙarfinta a bayyane yake: ba a taɓa dokar kuɗin ba, ba a tilasta wa kowa ba, kuma mai aiki ba ya ganin kuɗi sai ya kawo kaya.

Rauninta kuma guda uku ne, kowanne ya taɓa cizo. Na farko, wani ne ke riƙe da makulli. A ranar 1 ga Satumba, 2023 aka kwashe walet ɗin CCS kaf, XMR 2,675.73, kwatankwacin dala dubu 460 a lokacin, kuma sai a watan Nuwamba aka sanar da jama'a. Kuɗin ayyukan da aka riga aka tara ne, suna jiran a gama zango. Duk inda kuɗin ayyuka da yawa ya taru a walet ɗaya na tsawon watanni, ƙarƙashin kalmomin sirri guda ɗaya, an kafa wa ɓarawo abin nema.

Na biyu, farashi. An tara kuɗin da XMR, amma ma'aikaci zai ci abinci da dala ko yuro. Ga misalin lissafi: injiniya zai yi awa 30 a mako har mako 12, a kan dala 60 kowace awa. Awa 360 ke nan, dala 21,600. Idan kuɗin bulokcen ɗin yana dala 150, zai nemi 144, ya ƙara kashi 10 cikin ɗari don kariya kamar yadda aka saba, ya zama 159. To idan kafin ya karɓa farashi ya faɗi zuwa dala 100, abin da zai shigo hannunsa dala 15,900 ne, giɓin dala 5,700. Kariyar kashi 10 ba ta isa ko'ina ba. Shi ya sa masu gogewa ke neman wata uku-uku maimakon shekara guda, su sabunta lissafi kowane zagaye.

Na uku, aikin da aka yasar. Mutum ya gama zango ɗaya ya ɓace, sauran kuɗin ya maƙale. Mayar wa masu bayarwa ma ba abu ne mai sauƙi ba, tunda Monero ba ta nuna adireshin mai aikowa. Sai an sake zama a yanke inda za a karkatar da shi.

Al'ummar Bitcoin Cash ta ɓullo da wani salon a 2020 mai suna Flipstarter, wanda ya magance matsalar makulli. Kowane mai bayarwa zai sa hannu a kan alƙawarinsa, amma kuɗin na nan a walet ɗinsa, yana iya janyewa. Sai alƙawuran sun kai adadin da ake nema cif, sannan hada-hadar ta zama sahihiya, kuɗin ya tafi gaba ɗaya. Babu ɗan tsakiya ko kaɗan. Sai dai an toshe wata ƙofa an buɗe wata: ma'aikaci ya karɓi komai tun kafin ya ɗaga hannu. Ya dace da wanda aka sani aka kuma ga aikinsa a baya. Ga baƙo, tsarin zango ya fi.

Baitulmali daga ladan bulo

Wasu bulokcen ɗin sun ce maimakon yawon bara kowane wata, a rubuta cikin dokar bulokcen ɗin cewa wani kaso na sabon kuɗi na gyara ne. Kuɗi ba ya yankewa matuƙar ana haƙo bulo. Tambayar sai ta koma: wa ke da ikon kashewa?

A Dash, masu manyan nod ne, wato masternod. Sai ka jingine DASH 1,000 kafin ka samu ƙuri'a. An fara da kashi 10 cikin ɗari na ladan bulo, aka ɗaga zuwa 20 a ƙarshen 2023. Mai buƙata zai ƙona kuɗin shiga, wanda da DASH 5 ne aka rage zuwa 1, don hana shirme. Takarda na wucewa idan aka cire masu "a'a" daga masu "e" ragowar ya haura kashi 10 cikin ɗari na dukan ƙuri'u. Idan ƙuri'un 4,000 ne, misali, ana buƙatar rata sama da 400. Kusan kowane kwana 30 sai wani bulo na musamman ya biya waɗanda suka ci, kai tsaye zuwa adireshinsu. Babu hannun mutum a tsakani, don haka babu walet ɗin da za a sace. Amma dokar ba ta san ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ita dai ta biya. Maganin da ke hannun masu ƙuri'a shi ne su janye goyon baya kafin wata mai zuwa, kuma mutum ɗaya mai masternod hamsin yana da murya hamsin.

Decred ta ɗauki kashi 10 ita ma, amma ta gyara wurin da Dash ta bari a buɗe. Tun Oktoba 2018 ana kai ƙudiri dandalin Politeia, masu tikiti, wato waɗanda suka kulle DCR ɗinsu, kuɗin Decred, su yi ƙuri'a na kimanin mako guda. Sai kashi 20 na tikiti sun fito, kuma kashi 60 na waɗanda suka fito sun amince. Abin da aka amince da shi rufin kasafi ne, yawanci da dala. Ma'aikaci zai yi aikin tukuna, ya kawo takardar neman biya a ƙarshen wata, a biya shi da DCR bisa matsakaicin farashi. Wannan ya rage matsalar farashi, ya kuma hana cin kuɗi a gudu. Kuɗinsa shi ne jira: wanda ba shi da abin da zai riƙe kansa wata ɗaya ko biyu zai sha wuya.

Zcash ta bi wata hanyar, ta rubuta sunayen masu karɓa a cikin doka. Daga Nuwamba 2020 kashi 20 na ladan bulo, wanda dama ake warewa tun farko, aka raba uku: 7 ga ɓangaren Electric Coin Company, 5 ga Zcash Foundation, 8 ga kwamitin tallafa wa ayyukan al'umma. Ya ba ƙwararru natsuwar shekara huɗu, abin da karo-karo ba zai taɓa bayarwa ba, kuma binciken lissafi mai zurfi yana buƙatar irin wannan natsuwar. Amma da wa'adi ya ƙare a Nuwamba 2024 ba a daidaita kan magaji ba. Aka bar kashi 8 ga kwamitin, aka kulle kashi 12 a wani asusu har sai an samo yadda za a raba.

Abin da ya kamata duk mai sha'awar wannan hanya ya riƙe shi ne abin da ya faru da Bitcoin Cash. A 2020 aka nemi a shigo da irin wannan kason a bulokcen ɗin da ba a gina shi da kason ba. Ƙungiyar Bitcoin ABC ta dage kan kashi 8, yawancin masu mainin da 'yan kasuwa suka ƙi, a ranar 15 ga Nuwamba sarƙar ta rabe biyu. Dash da Decred da Zcash sun shigar da nasu tun da wuri, ko tun ranar farko, duk wanda ya shigo ya tarar da shi. Ɗora shi daga baya kuwa taɓa aljihun masu mainin ne, kuma su ke riƙe da tsaron hanyar.

Baitulmali mai ƙiba kuma yana da cutarsa. Idan kuɗi ya yi yawa, masu iya baki sun fi masu iya aiki saurin isa gare shi. Rahoton baitulmalin Polkadot na rabin farkon 2024 ya nuna an kashe kusan dala miliyan 87, kuma kusan miliyan 37 daga ciki talla da tallata suna suka ci. Duk da ƙuri'a aka amince da su. Mai ƙuri'a yana gane tambari a rigar 'yan ƙwallo, ba lallai ya gane amfanin sake rubuta ɓangaren ajiyar bayanai ba.

Ƙuri'ar taro da ladan bayan aiki

A duniyar Ethereum an gwada wasu dabaru biyu. Ta farko ita ce wadda Gitcoin, wani dandalin tara gudummawa, ta yi suna da ita tun 2019, bisa takardar da Vitalik Buterin da Zoë Hitzig da Glen Weyl suka rubuta a 2018. Masu hannu da shuni za su zuba kuɗi a tukunya guda, ƙananan masu bayarwa kuma su nuna inda za a kai shi. Lissafin yana fifita yawan mutane a kan yawan kuɗi: a ɗauki tushen murabba'in kowace gudummawa, a tara, a ninka jimillar da kanta. Mutum 100 kowa dala 1, sakamako 10,000. Mutum ɗaya mai dala 100, sakamako 100. Da waɗannan alƙaluman ake raba tukunyar gwargwado. Ɓarakar a fili take: mutum ɗaya ya buɗe walet ɗari ya zama taro. Shi ya sa aka ƙara matakan tantance mutum, kuma har yanzu kowane zagaye sai an yi tankaɗe. Banda haka, aikin da ke da mabiya a X ya fi ɗakin karatun manhaja da dubban ayyuka ke dogaro da shi samun masu danna maɓalli. Tana da kyau wajen gano sababbin ayyuka da ba su kuɗin somi. Ba za a ɗora albashin kowa a kanta ba.

Ta biyu ita ce ta Optimism, wani bulokcen da aka ɗora a kan Ethereum: ka yi aiki tukuna, daga baya zaɓaɓɓun alƙalai su auna amfaninsa su ba ka lada. A zagaye na uku an raba OP, wato kuɗin Optimism, miliyan 30 ga ayyuka 501. Auna abin da aka riga aka yi ya fi hasashe sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma alƙali ba zai iya karanta takardu ɗaruruwa da idon basira ba, kuma ma'aikaci bai san nawa zai samu ba, balle yaushe. Tukuici ne mai daɗi ga wanda dama yana da abin yi.

Albashin masu kulawa

Nan ne duk hanyoyin da ke sama suka fi gazawa, in ban da baitulmali. Bitcoin ba ta da kaso, ba ta da CCS. Masu kula da Bitcoin Core, babbar manhajar nod ta Bitcoin, suna rayuwa ne da tallafin cibiyoyi daban-daban: Chaincode Labs, Spiral, Brink da John Newbery da Mike Schmidt suka kafa a 2020, OpenSats, da asusun Human Rights Foundation. Akwai kuma Btrust, wadda Jack Dorsey da Jay-Z suka sanar a 2021 da BTC 500 don horarwa da tallafa wa masu rubuta manhajar Bitcoin, da farko a Afirka da Indiya. Ɗan Najeriya Abubakar Nur Khalil na cikin shugabanninta tun kafuwa. Tallafin yawanci na shekara ne, ana sabuntawa, kuma kwamitin da ya san aikin ne ke tantancewa.

Yawan cibiyoyin nan shi ne kariyar. A 2015 da Bitcoin Foundation ta tsiyace, manyan masu kulawa uku sai da sashen kuɗin dijital na jami'ar MIT ya ɗauke su. Mai biya ɗaya ko ya talauce ko ya fara ba da umarni, duka biyun haɗari ne.

Protocol Guild ta Ethereum ta kawo salo mai kyau tun 2022. Jerin sunaye ne na masu aiki a kan ginshiƙin hanyar, sama da mutum 150, su da kansu suke tantance wanda zai shiga bayan ya yi aƙalla wata shida yana aiki. Gudummawa na shiga kwangilar bulokcen, tana fita a hankali cikin shekara huɗu, kuma rabon kowa na bin tushen murabba'in watannin da ya yi, don tsoho ya fi sabo amma ba da tazara mai kashe gwiwa ba. Babu rubuta takarda kowane wata uku. Sai dai ƙari ne a kan albashi, kuma darajarsa na hawa da sauka da farashin kuɗaɗen da aka ba da.

To wanne za a ɗauka?

Idan bulokcen ɗin ya riga ya tashi ba tare da kaso ba, a bar ladan bulo yadda yake. Aikin jinga a kai shi karo-karo mai zango, aikin kulawa a nema masa cibiyoyi biyu ko uku da ba su haɗa aljihu ba. Idan kuwa sabon bulokcen ake ginawa kuma ana son baitulmali, a sa shi tun bulo na farko, a bi salon Decred wajen biya, wato kasafi da dala da biya bayan aiki, sannan a ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai don manhajar nod, tsaro da bincike, don kada talla ta cinye shi. Salon Gitcoin da na Optimism a riƙe su a matsayin ƙari.

Ko wacce aka zaɓa, akwai abubuwan da ya kamata a rubuta kafin a karɓi kuɗin kowa. Walet ɗin ajiya ya zama mai makulli da yawa, misali uku cikin biyar, masu riƙewa a ƙasashe dabam-dabam, kowa da na'urarsa da ba ta hawa intanet, kuma a gwada fitar da ɗan ƙaramin kuɗi kafin a zuba babba. A raba kuɗin jira da kuɗin biyan wannan watan. Kowane zango ya zama abin da wani zai iya tabbatarwa da kansa: "an haɗa rubutun da babbar manhaja" ko "an wallafa rahoton bincike", ba "an ci gaba da aiki" ba. A nan ma a yi hattara, domin haɗa rubutu ba a hannun ma'aikaci yake ba. Idan masu dubawa sun yi jinkiri zai zauna ba biya, don haka a raba kuɗin zangon biyu, rabi idan ya miƙa, rabi idan aka haɗa. A faɗi lasisin da za a saki aikin a kansa tun a takarda. A sa ranar ƙarewa, misali wata shida ba labari kuɗin ya koma asusun gama-gari. Wanda ke tabbatar da kammala zango kada ya zama shi ne mai sakin kuɗi.

Sannan kowace takardar sabon fasali ta zo da layi biyu da aka fi mantawa da su: kuɗin bincike na waje idan aikin ya taɓa lissafin sirri ko dokar yarjejeniya, da sunan wanda zai kula da rubutun bayan an gama, har tsawon wane lokaci, kuma daga wane asusu za a biya shi. Takardar da ba ta amsa na biyun ba a mayar wa mai ita ya cike kafin a buɗe mata adireshi.